Randa ta Shida

Ranar da aka kawo ni Kilmorran ina amarya, abin da surukina Tormod Gillanders ya fara yi shi ne ya kama hannuna ya juya, ya ƙare wa tafina kallo, sannan ya ce wa ɗansa Innes wannan hannun bai taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar kwalliya nauyi ba. Ni kuwa 'yar Glasgow ce, ba a faɗa mana mu haɗiye. Na ce masa ai shi ma nasa hannun da alama bai taɓa gamuwa da sabulu ba. Ya yi dariya har da buga ƙafa. Tun daga ranar ya laƙaba mini 'Yar Birni, kuma har ya koma ga Allah bai kira ni da sunana Senga ba sai sau ɗaya tak.

A layin gidajen ma'aikata da ke bayan masana'antar wiski aka haife shi, a nan aka haifi babansa. In ka ba shi dama sai ya kai ka can baya, zamanin da kakannin kakanninsa suke dafa abinsu a ɓoye cikin duwatsu suna wasan ɓuya da 'yan kwastan, har mai ƙasar ya gaji ya karɓo takardar izini aka gina wannan wurin a bakin ƙorama. Shi ya fara aiki ne a daɓen da ake shanya jiƙaƙƙen sha'ir don ya yi tsiro. Shekara shida yana juya shi da shebur na katako, abin da ya sa kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, kullum kamar zai karkata ya gaya maka wani sirri. Da ya dawo daga yaƙin duniya na biyu aka mai da shi ɗakin randuna, ya yi shekara talatin da shida a ciki.

Randunan na katako ne, falanki jere da falanki an ɗaure da ɗamarar ƙarfe, kowacce ta ninka tsawon mutum sau uku. In an busar da tsiron a hayaƙin baƙar ƙasar fadama, an niƙa, an jiƙa da ruwan zafi an tace, to cikinsu ake zuba ruwan zaƙin nan a sa masa yis, ya kwana biyu ko uku yana kumfa yana huci kafin a tura shi tukwanen jan ƙarfe. Baba, haka nake kiran surukina, yana da haushin masu tukwanen nan, bai taɓa ɓoyewa ba. Ya ce su ake ɗauka hoto, su ake kai wa baƙi, alhali ɗanɗanon a randa ake haihuwarsa, tukunya reno kawai take yi. Ya san halin kowace randa. Ta biyu mai saurin fushi ce, in ka juya baya sai ta yi ambaliya. Ta huɗu sai an lallaɓa. Ta shida kuwa daga baya aka ƙara ta, a wani ɗaki na gefe da ake hawa matakala goma sha biyu kafin a kai bakinta, kuma tun tana sabuwa take ɗan tsiyaya ta gindi. Ita ya fi so, don dai mutum ne da ba ya son abu mai sauƙi.

A watan Maris na 1983 aka tara ma'aikata aka karanta musu takarda daga hedikwata. An rufe masana'antar har sai abin da hali ya yi. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba a shekarar, amma jin haka bai sa wa kowa abinci a tukunya ba. Kafin shekara ta zagayo rabin layin gidajen ya zama kufai. Innes ya samu aiki a rijiyoyin mai na cikin teku, ya yi mako biyu can, ya zo gida a gajiye, ya koma. A shekara ta biyu surukata Effie ta rasu, muka tattara da 'ya'yana biyu muka koma gidan Baba. Kamfanin ya bar masa makulli a matsayin mai gadi na ɗan lokaci, daga baya suka rubuto cewa ba sa bukatar mai gadi. Makullin dai ba wanda ya zo karɓa, shi kuma bai ga dalilin aikawa ba.

Katakon randa in ya bushe tsukewa yake yi. Falankan su rabu, ɗamarar ta saki, wata rana ka shiga ka tarar da tarin itace a ƙasa. Saboda haka Litinin, Laraba da Juma'a Baba yakan saka hularsa ya tafi ya cika randunansa da ruwan ƙorama har baki. Farkon kowane wata ya zubar da ruwan guda ɗaya, ya shiga ciki da tsani da tsintsiya ya goge ta, ya sake cikawa don kada ta yi wari. Lahadi ce kawai ba ya taɓa ko famfo. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gode masa.

Mutanen gari suka samu abin nishaɗi. Hector mai kanti shi ne shugabansu. Na taɓa tsayawa a bayan Baba a layin biredi, na ji Hector yana cewa, "Tormod, shekara nawa ke nan kana ba itacen nan ruwa? Har yanzu bai yi ganye ba? Ko taki za a ƙara masa?"

Baba ya ɗauki biredinsa ya ce, "Kai ma shekara arba'in matarka tana ba ka ruwa da abinci, Hector, ko toho ba ka yi ba. Ka ga ta fasa?"

Kowa ya yi dariya ban da ni. Ni abin ya daɗe da daina ba ni dariya. Aberdeen nake so mu koma, inda mijina zai riƙa sauka daga jirgi ya shigo gida, inda makarantar yara ba ta koma aji ɗaya ba. Innes ya ce ba zai bar babansa shi kaɗai ba. Baba ya ce ba zai bar randuna ba. Ka ga ke nan ni da 'ya'yana katako ne ya ɗaure mu a garin da ko motar haya sau biyu take zuwa a mako. Na faɗi haka a gabansa ba sau ɗaya ba, har na taɓa cewa da zan samu gatari da na huta. Sai ya ce in bari ya wasa mini, na gidan ya dakushe.

Shekara tara yana hawa tsani mai santsi bai taɓa zamewa ba. A ƙofar coci ya faɗi, wata Lahadi a watan Yuni na 1992, yana gyara wa wata tsohuwa hanya. Ƙugunsa ya karye. Aka kai shi asibitin birni, tafiyar awa biyu, likita ya ce sai ya yi mako bakwai. Innes yana teku. Da na je duba shi, tun kafin in ajiye jakar kayansa ya zaro makullin daga ƙarƙashin matashi.

Ya ce, "'Yar Birni, ba ni da kowa sai ke. Biyar ɗin tiyo yana kai musu, ki buɗe famfo kawai ki tsaya. Ta shida tiyon ba ya kaiwa, sai da bokiti. Talatin a kowane zuwa, in ana zafi ki ƙara."

Na ce, "Baba, bokiti talatin a matakala goma sha biyu? Jaki ka ɗauke ni?"

Ya ce, "Da jaki zan samu da na fi so, ba ya mai da magana."

Na karɓi makullin. Ina so a san na yi ƙoƙari da farko. Makon farko na ɗauki talatin ɗin cif, sau uku, tafina ya yi ƙuraje suka fashe, bayana ya riƙe. Bazarar shekarar kuwa irin wadda ba mu saba gani ba ce, rufin kwanon ɗakin ya ɗauki zafi sai ka ce tanda. Mako na biyu na yi goma sha biyar na ce ya isa. Mako na uku na tsaya a gindin matakalar da bokiti a hannu, na tambayi kaina don wa nake wannan wahalar. Masana'antar da ta mutu shekara tara? Na ajiye bokitin, na ja ƙofar ɗakin na rufe. Biyar ɗin na ci gaba da buɗe musu famfo, ina zaune a kan buhu ina karanta jarida.

Kowace Asabar nakan je duba shi. Yakan riƙe hannuna ya tambayi yara, ya tambayi kaji, sannan ya zo kan abin da ya dame shi. In ce masa duk suna nan lafiya. Ya ce har ta shida? In ce har ta shida. Ƙarya ba ta taɓa yi mini sauƙi irin wannan ba, kuma shi ne abin da ya fi ba ni kunya yanzu.

Ana saura kwana uku a sallamo shi tsoro ya kama ni, na ce bari in je in cika ta ko ta halin ƙaƙa. Na hau na leƙa. Ruwan ya sauka can ƙasa da rabi. Daga inda nake tsaye ina hango hasken taga ta tsakanin falankan, siri-siri, tun daga baki har ciki. Wata ɗamarar ta saki ta zamo ta zauna a kan 'yar'uwarta. Na kwara bokiti ɗaya a jikin katakon, ruwan ya bi ta tsagar ya fito waje ya jiƙa mini takalmi. Na sauko na rufe ƙofar, na je gida na rataye makullin a ƙusarsa.

Kwana uku da dawowarsa ya ɗauki sandunansa biyu ya nufi masana'anta. Na yini ina shirya amsoshina. Na tanadi maganar bayana, da maganar yara, da maganar cewa ba wanda ya taɓa tambayata ko ina son wannan rayuwar. In faɗa yake so, na shirya masa. Da la'asar ya shigo, ya wanke hannu, ya zauna ya sha miyar sha'ir da naman rago, ya ce gishiri bai ji ba. Shi ke nan abin da ya faɗa. Na yanke a raina cewa bai iya hawa matakalar ba, bai gani ba. Na ji daɗi, sannan na ji haushin kaina da na ji daɗin. Daga ranar ko hanyar masana'antar na daina bi, in ya ambaci randa sai in tuna ina da wanki.

A watan Satumba ya ɓullo da wata sabuwa. Wai hunturun bana zai yi tsanani, yana son doguwar ciyawar nan ta bakin tafki a rufe dankali da ita kada sanyi ya lalata shi, shi kuma ƙafarsa ba za ta shiga laka ba. Na ce tun yaushe dankalin gidan nan ya fara shiga bargo? Ya ce tun da ya tsufa. Da wani lokacin ne da na ƙi, amma mai laifi ba ta da bakin musu. Asabar huɗu na yi cikin ruwan sanyi har gwiwa da lauje, yana zaune a kan dutse yana ba da umarni. Wannan ta yi gajarta. Waccan kin murƙushe ta. Yanko daga can gindi. Na zage shi a zuci da duk zagin da na koya a Glasgow. Ya shanya ciyawar a rumfa, bayan 'yan makonni ta ɓace. Da na ga dankalin an rufe shi da tsofaffin buhuna kamar kowace shekara, na yi masa tsiya son raina, na ce ya sa ni wahalar banza. Ya ba ni haƙuri, ya ce tsufa ne. Ni da nake ji da wayona ban gane komai ba.

Duk hunturun nan a masana'anta yake yini. Ya fita da gwangwanin shayi da safe, ya dawo da yamma yatsunsa duk yanka, yana jan ƙafa. Ban tambaya ba, don na san inda tambayar za ta kai ni.

A watan Afrilu na 1994 labari ya zo. Wata mata, Uwargida Dalgleish, wadda danginta suke da ɗan ƙaramin kamfanin sayar da wiski, tana neman rufaffiyar masana'anta ta tayar. Guda biyu take dubawa, tamu da wata can gabas, ɗaya za ta ɗauka. Wadda ba ta ɗauka ba, masu ita sun riga sun ce rushewa za su yi su sayar da ƙarafan. Abin da ya jawo ta wurinmu shi ne ta ji an ce randunan katako suna nan a tsaye. Ba ta da halin yin sababbi, kuma tsohon katako take so. Amma sai shidan duka, domin biyar ba za su ciyar da tukwanen ba a mako, aikin ba zai riƙe kansa ba. Za ta zo ranar Laraba da wani tsohon kafintan ganguna, Mista Pirie, ya duba mata.

Garin ya rikice. Hector, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana tsokana, ya aiko wa Baba da gwangwanin biskit. Innes ya bugo waya daga teku, ya ce in aka buɗe ya bar aikin mai ke nan, zai dawo gida gaba ɗaya. Kowa yana murna, ni kaɗai na san abin da ke bayan ƙofar ɗakin gefe. Aikin mutum talatin, da dawowar mijina, da wahalar tsohon nan ta shekara goma sha ɗaya, duk na zubar da su saboda bokiti.

Da safiyar Larabar na ajiye masa kunu na zauna a gabansa. Na ce, "Baba, akwai maganar da ya kamata ka ji kafin mutanen nan su zo."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kin goge mini farar rigar? To sa takalminki, tare za mu je. Ina bukatar mai riƙe mini sanda."

Mista Pirie ɗan ƙaramin mutum ne marar fara'a, da guduma da wuƙa a aljihun riga. Bai gaisa da kowa sosai ba. Ya zagaya randa ta ɗaya yana ƙwanƙwasa ɗamarar yana saurare, ya soka wuƙa a katakon ya duba bakinta, ya hau ya ɗebi ruwan a tafi ya shinshina. Ya ce da kyau. Haka ta biyu, haka ta uku. Uwargida Dalgleish tana biye da shi da littafi. Kowace "da kyau" tana ƙara matso da ni ga ƙofar nan, har na fara addu'ar Allah ya sa ya samu aibu a ta huɗu ko ta biyar, don laifin ya zama ba nawa ni kaɗai ba. Ga irin zuciyar da nake da ita a lokacin. Bai samu ba.

Baba ya buɗe ɗakin gefe ya miƙo mini sandarsa. Sai na ga wata igiya mai kauri ɗaure daga saman matakalar har ƙasa, wadda ba ta nan da. Ya kama ta ya riƙa jan jikinsa, ƙafa mai lafiya a gaba, mataki ɗaya ɗaya, ba tare da ya duba inda yake takawa ba. Igiyar ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda yawan kamu. Ashe yana hawa.

Na bi su a baya. Randar cike take fal har baki, hasken taga yana kwance a kan ruwan. Na duba ƙasa, daɓen a bushe, sai ɗan damshin nan na gindi da take da shi tun asali. Mista Pirie ya fi daɗewa a kanta. Ya ƙwanƙwasa ɗamarar ɗaya bayan ɗaya, ya bi tsakanin falankan da babban yatsa, sannan ya sa bakin wuƙa ya ɗan zaro wani abu ya ɗaga shi ga haske. Tsinken busasshiyar ciyawa ne. Na san ta, ni na yanko ta.

Ya ce, "Wannan ta taɓa bushewa, kuma ba kaɗan ba. An cusa mata ciyawa a kowace tsaga, an sake kora ɗamarar. Aikin mutum uku ne wannan. Wa ya yi?"

Na buɗe baki, Baba ya riga ni. Ya ce, "Ta yi jinya wata bazara, lokacin ni ma ina kwance. Ni na cusa, a hankali, ba inda za ni. Amma ciyawar Senga ce ta yanko, Asabar huɗu cikin ruwan sanyi har gwiwa. Ba don ita ba da yanzu itacen hura wuta kuke kallo."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin maganar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mista Pirie ya dube ni ya gyaɗa kai, ya juya ga uwargidan ya ce randar za ta ƙara shekara talatin. Ta rufe littafinta. Ta tambayi Baba ko zai koma ya riƙe ɗakin in an buɗe. Ya ce shekararsa saba'in da uku da ƙugun ƙarfe, sai dai ya zauna a kujera ya yi ta surutu. Ya nuna ni da haɓa ya ce ga wadda za ta riƙe, ta san nauyin bokiti, sauran zai koya mata.

A hanyar gida muna tafiya a hankali saboda ƙafarsa. Da muka wuce gada na kasa riƙewa. Na ce, "Baba, ni na bar ta ta bushe. Mako biyar ban zuba mata ko ɗigo ba, kuma na yi ta yi maka ƙarya."

Ya ce, "Na sani tun ina asibiti."

Na tsaya cak. Na ce wa ya gaya masa?

Ya ce, "Hannunki. Asabar ta farko duk ƙuraje. Ta uku ya warke sumul, har da jan farce. Na so in aika Hector ya cika ta, sai na tuna kafin magariba duk gari ya ji."

"To da ka dawo ka gani, me ya sa ba ka ce komai ba?"

Ya karɓi sandarsa daga hannuna ya dogara. Ya ce, "In na yi magana za ki ba ni amsa, kin kuwa fi ni baki. Ki ci ni a gardama, ki kwashe mini jikoki ki tafi Aberdeen, ɗana ya rasa wanda zai bi. Randa na san yadda ake gyara ta, 'Yar Birni. Wancan ban sani ba."

A rayuwata ba a taɓa rufe mini baki ba sai ranar. Na yi kuka a tsakiyar titi, yana tsaye yana kallon tumakin wani, yana jira in gama. Da na gama ya ce mu je, ƙafarsa ta gaji, kuma in na dafa miyar yau in ƙara gishiri.

A watan Oktoba aka buɗe masana'antar, aka hura wuta. Innes ya dawo, aka sa shi a kan tukwanen jan ƙarfe, Baba ya ce ya haifi ɗa ya tafi wurin 'yan hoto. Ni kuma ya zauna a kujera a bakin ƙofar ɗakin randuna shekara biyu da rabi yana koya mini aiki, yadda ake gane kumfa ta ƙoshi, yadda ake jin tsamin ya kai ta hanci ba sai an duba agogo ba, lokacin da za a tsaya a kan ta biyu kada ta yi halinta. Mun yi faɗa kusan kullum. Bai sake tayar da maganar bazarar nan ba, ko ga Innes bai faɗa ba. Ni na gaya wa mijina da bakina.

Doka ta ce sai ruwan ya shekara uku a ganga kafin a kira shi wiski. Baba ya rasu a watan Afrilu na 1997, saura wata shida gangar farko ta cika kwanakinta, bai ɗanɗana ko ɗigo ba daga abin da ya tsare. Wannan yana yi mini ciwo har yau. Shi bai damu ba, ya ce ya sha rabonsa tun kafin a haife ni.

Shekara ashirin da huɗu na yi a ɗakin nan. Makaranta ta koma aji uku, 'yata ce take koyarwa a cikinta. Masu zuwa yawon buɗe ido ana kai su su ga tukwane su ɗauki hoto, kamar yadda ya ce, ba mai tambayar wa ya riƙe randuna. Ni dai na sani. Gidana, da aurena, da sana'ar da na ci abinci da ita, da mutuncina da ya rufa a gaban baƙi ranar da ba abin da zai hana shi tona ni, duk daga hannunsa na same su. Na gode masa yana raye, ya ce in daina ɓata masa lokaci. Ina ƙara gode masa yanzu da ba shi da damar katse ni.

Kwana biyu kafin ya cika, na dawo daga aiki na shiga ɗakinsa ko hannu ban wanke ba. Ya rame ƙwarai, magana sai da ƙyar. Ya miƙo hannu ya kama nawa, ya juya shi kamar ranar farko. Ya bi kantar tafina da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana yi.

Ya ce, "To, 'Yar Birni. Yanzu kin yi hannu."